Ciyawa Mai Farauta A Fadamun Abaji

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko ko Badun ko Anaca, in ya tashi zuwa gida ta hanyar Lakwaja, ya san Abaji. Da mota ta haye gadar Murtala da ke Jamata, ta wuce Koton Karfe, babban garin da za ta fara shiga a cikin Yankin Babban Birnin Tarayya shi ne Abaji. Nan direbobi kan tsaya a yi salla, a ci abinci, a sayi doya ta tsaraba. Iyakar abin da yawancin matafiya suka sani game da garin ke nan, watau bakin titi.

Kafin 1976 Abaji tana cikin Jihar Kwara ne, tare da Koton Karfe. Dokar soja mai lamba 6, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa ran 3 ga watan Fabrairu na wannan shekara, ita ce ta yanko ta, ta haɗa da waɗansu ƙasashe daga Jihohin Neja da Filato, aka yi sabon yankin. Sarkin garin, wanda ake kira Ona na Abaji, shi ne shugaban majalisar sarakunan yankin duka. Igbirra da Ganagana da Gwari da Bassa da Hausawa da Filani duk suna zaune a ƙasar, suna noman doya da shinkafa da rogo da riɗi, waɗansu kuma suna su.

Yamma da titin ƙasa ta gangara zuwa Kogin Gurara, wajen Yaba da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Kowace damina kogin kan cika ya malala, in ya janye da kaka sai ya bar tafkuna da kududdufai da fadamu masu laka. To, irin wannan ruwa mai kwanciya, marar zurfi, wanda rana ke dukansa sosai, shi ne mazaunin wata ciyawa da ake samu ko'ina a Nijeriya daga Tafkin Cadi har bakin teku, wadda mutane ke takawa kullum ba su san sana'arta ba. Ciyawa ce, tana da fure, tana yin iri kamar kowace ciyawa. Amma tana kafa tarko, ta kama abu mai rai, ta kashe shi, ta narkar da shi, ta sha romon.

Kamanninta

Masana tsirrai suna kiranta Utricularia. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya rubuta sunan a littafinsa na 1753, kuma ma'anarsa da Latinanci ita ce ƙaramar salka, irin ta fata da ake ɗura ruwa. Sunan ya dace ƙwarai, saboda haka a wannan shafi za a kira ta 'yar-salka domin sauƙin faɗi.

Mai kallo daga gaɓa zai ɗauka gansakuka ce. Tana shawagi ne ƙarƙashin fuskar ruwa, tsakanin bado da kainuwa, da dogon jiki siriri da ganye masu kama da zare, a cukurkuɗe. Sai an sa hannu an ɗago ta, an ɗaga ta wajen haske, sa'an nan za a ga waɗansu 'yan ƙwayoyi sun yi mata ca a jiki, ɗari-ɗari, yawancinsu ba su fi ƙwayar gero ko ta dawa ba. Waɗansu kore ne garai-garai, waɗansu kuwa sun yi baƙi. Koren sababbin tarkuna ne. Baƙin kuwa sun riga sun ci sun ƙoshi. In an ɗago ta daga ruwa aka kai kunne kusa, akan ji wata 'yar ƙara ƙas-ƙas-ƙas: tarkunan ne ke tashi suna haɗiye iska.

Ba ta da saiwa ko ɗaya, tun daga tsirowarta har mutuwarta. Kai, masana sun daɗe suna gardama a kan wane ɓangare na jikinta ne ganye, wane ne kara, domin ba ta bi tsarin da sauran tsirrai suka bi ba. Abin da ke tona asirin cewa ita tsiro ce mai daraja shi ne furenta. Wajen ƙarshen damina takan miƙo wani ɗan tsinke sama da ruwa, da 'yan furanni masu leɓe biyu. Na irin da ake kira Utricularia gibba rawaya ne. Akwai kuma Utricularia stellaris da Utricularia inflexa, waɗanda suka yi wata dabara: a gindin tsinken furen sukan fitar da waɗansu kumburarrun rassa masu iska a ciki, su jeru kamar tauraro, su tallabe furen kada ya nutse, tamkar yadda masunci ke kwanciya bisa gora.

Ba dukansu ke zaune cikin tafki ba. Mafi yawan irinsu ma a jiƙaƙƙen rairayi suke, ko a bakin maɓuɓɓuga, ko a 'yar ƙasar da ke taruwa bisa falalen dutse inda ruwa ke tsattsafowa da damina. Waɗannan ƙanana ne ƙwarai, tarkunansu a binne suke cikin ƙasa, ba a ganin kome sai fure kamar kan allura. Akwai wata, Utricularia rigida, da ke manne wa duwatsu a cikin ruwa mai gudu a Afirka ta Yamma, har da Nijeriya. Akwai Utricularia mannii da ke hawa bisa itatuwa a dazuzzukan duwatsun Kamaru da tsibirin Biyoko. A Amurka ta Kudu kuwa waɗansu ba su da gida sai 'yan ruwan da ke taruwa a tsakiyar ganyen waɗansu 'yan'uwan abarba. Wani Bature mai suna Peter Taylor, na lambun binciken tsirrai da ke Kew a Ingila, ya ƙarar da kusan rayuwarsa a kansu. A 1964 ya buga bayanin na Afirka, a 1989 kuma ya buga babban littafi inda ya lissafa iri 214 a duniya. Tun daga sa'an nan an ƙara gano waɗansu, yanzu sun kai wajen 240.

Yadda tarkon ke aiki

Wanda ya taɓa zama gaban wanzami aka kafa masa ƙaho ba zai sha wuyar gane wannan ba. Wanzami yakan ɗora ƙaho a fata, ya zuƙe iskar da ke ciki, ya toshe ɗan bakin. Da yake ciki ya zama wayam, sai fata ta shige ciki da kanta. Haka 'yar-salka take yi, sai dai ita ruwa take zuƙewa.

Kowane tarko jaka ce mai ƙofa ɗaya. Bangon jakar siriri ne ainun, yana lanƙwasuwa. A cikin jakar akwai waɗansu ƙananan gasu masu rassa, aikinsu su riƙa fitar da ruwa waje a hankali, har sai wajen kashi 40 cikin 100 na ruwan ya fita. Sai gefunan jakar su loɓa ciki, kamar kumatun mai zuƙar rake. Ƙofar kuwa tana rufe gam, an liƙe gefenta da yauƙi don kada ruwa ya kutsa. A bakin ƙofar daga waje akwai 'yan gasu masu tsini a miƙe. Tarko ya haɗu ke nan, sai jira.

Da wani ɗan ƙwaron ruwa ya zo kiwo ya taɓa gashin nan, sai ƙofar ta karye ciki, bangon jakar ya koma yadda yake, ruwa ya afka da ƙarfi ya tafi da ƙwaron, ƙofa ta sake rufewa. A 2011 waɗansu masana na Faransa da Jamus suka ɗauki hoton abin da kyamara mai sauri, suka ga zuƙar ba ta kai kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan ba. Ƙiftawar ido guda ta fi ta daɗewa fiye da sau ɗari. Ƙarfin fizgar da ake yi wa ƙwaron kuwa ya kai ninki 600 na ƙarfin da ke jawo abu ya faɗo ƙasa. Direban jirgin yaƙi in ya sha ninki 9 ko 10 yana iya suma. A cikin dukan tsirrai masu kama ƙwari babu wanda ya kai ta sauri.

Wanda ya shiga ba ya fita. Ciki babu iskar shaƙa, saboda haka nan da nan yakan mutu. Sa'an nan gasun nan na ciki su zubo ruwan narkarwa, irin aikin da ciki ke yi wa tuwo, su tsotse abin da ya narke. Jakar kuma ba ta jira a gama wannan ba: bayan minti 15 zuwa 30 ta sake fitar da ruwa, ta sake ɗanawa. Tarko ɗaya yakan tara gawawwaki da yawa kafin ya tsufa ya yi baƙi ya faɗi.

An daɗe kafin a gane haka. Charles Darwin, wanda ya buga littafi a kan tsirrai masu cin ƙwari a 1875, ya zaci ƙwarin ne ke tura ƙofar da kawunansu su shiga. Wata mace a Jihar New Jersey ta Amurka, Mary Treat, wadda ke aika masa da wasiƙu, ita ce ta kwana tana duban jakunkunan da madubin ƙara girman abu, ta lura cewa kamun yana faruwa ne farat ɗaya, kuma jakar tana da hannu a ciki. Ita ce ta fi kusa da gaskiya.

Har ila yau akwai wani abin da aka gano daga baya wanda ya rage wa 'yar-salka kwarjinin mafarauci. Tarkunan kan tashi da kansu lokaci-lokaci ko ba wanda ya taɓa su, su haɗiye duk abin da ke yawo a ruwa. Masu bincike a Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya sun buɗe tarkuna kusan 2,000, suka bayyana a ƙarshen 2014 cewa dabbobi ba su wuce kashi 10 cikin 100 na abin da suka tarar ba. Sauran ƙananan gansakuka ne da garin fure da iska ta kwaso. Bugu da ƙari akwai ƙwayoyin halitta da ke zaune lafiya lau a cikin jakar suna taya ta narkar da abinci, kamar yadda ake samu a tumbin saniya. Ashe dai mafaraucin nan ba ya raina tuwo in nama bai samu ba.

Me ya kai ciyawa ga cin nama?

Manomi ya fi kowa sanin amsar. Shuka tana yin abincinta da hasken rana da ruwa da iska, amma ba ta girma sai da sinadaran da ake sayowa cikin buhun Yuriya da Kamfa da Supa, watau naitirojin da fosfaras. A rairayin da ruwa ya wanke, da fadamar da ruwa ya kwanta ya yi tsami, waɗannan sinadarai ƙalilan ne. Jikin ƙwaro kuwa cike yake da su. Saboda haka abin da 'yar-salka ke nema a jikin ƙwaro taki ne.

Ɗan Darwin, Francis, ya gwada wannan a 1878 da wata ciyawa mai danƙo. Ya ciyar da rabi da 'yan guntayen nama, ya hana wa rabi. Waɗanda suka ci nama suka fi yin fure da iri nesa ba kusa ba.

Amma sana'ar tana da tsada. Ganyen da ya zama tarko ba ya aikin ganye sosai, ga kuma wahalar fitar da ruwa dare da rana. Wani masani Ba'amurke, Thomas Givnish, ya yi lissafin ribar da hasarar a 1984, ya nuna cewa cin ƙwari ba ya biya sai inda rana ta wadata, ruwa ya wadata, ƙasa kuwa ta tsiyace. Inda ƙasa ke da ƙarfi, ciyayi na kullum sukan yi sauri su rufe ta da inuwa, ta mutu. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa ne maganar fadamun Abaji za ta tsaya.

Dangi da asali

Gidan da 'yar-salka ta fito ana kiransa Lentibulariaceae, kuma ɗaki uku ne. Dukansu mafarauta ne, kowane da irin tarkonsa.

Na farko Pinguicula, mai iri wajen ɗari ko fiye, yawancinsu a Meziko da Turai, a Afirka kuwa sai can wajen Maroko. Ita tana da saiwa, tana da ganye shimfiɗaɗɗe mai maiƙo da danƙo, ƙwaro ya sauka ya manne, kamar yadda yara ke kama tsuntsu da danƙo a tsinke. Mutanen arewacin Turai sun daɗe suna sa ganyenta cikin madara don ta yi kauri, abin da zai tuna wa mazauna ƙasar Yarabawa yadda matan Filani ke daskarar da wara da ruwan tumfafiya.

Na biyu Genlisea, iri wajen 30, a Afirka da Madagaska da Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, ana kuwa samunta a Nijeriya da Kamaru. Ita ma ba ta da saiwa. Abin da ke shiga ƙasa kamar saiwa farin ganye ne da ya zama bututu, ya rabu biyu, kowane reshe ya murɗe kamar igiya. A cikin bututun gasu ne jere, duk sun fuskanci ciki. Masunta za su gane gura ke nan: shiga da sauƙi, komawa baya babu hali, sai dai a yi ta gaba har cikin tulun da ake narkarwa. Darwin ya yi zargin haka, amma sai a 1998 Wilhelm Barthlott na Jami'ar Bon a Jamus da abokan aikinsa suka tabbatar cewa ƙananan halittun da ido ba ya gani take kamawa.

Na uku ita ce 'yar-salka, wadda ta fi su yawa, ta kuma fi su yaɗuwa.

Da masana suka gwada ƙwayoyin gado na ɗakunan uku, sai suka ga Genlisea da Utricularia shaƙiƙai ne, Pinguicula kuwa ita ta fara rabuwa da su. Daga nan suka fahimci yadda abin ya bi: kakar gidan tsiro ce mai ganye mai danƙo, irin danƙon da tsirrai da yawa ke yi don kare kansu daga ƙwari. Ƙwarin da suka mutu a kan ganyen suka zama taki. A hankali, cikin zuriya bayan zuriya, waɗanda ganyensu ya fi naɗewa ya riƙe ganima suka fi yin iri. Ganye ya naɗe ya zama bututu a wani reshe, ya zama jaka mai ƙofa a wani, saiwa kuwa ta rasa aiki ta ɓace. A 2020 masu bincike na Cibiyar John Innes a Ingila suka nuna, a jikin Utricularia gibba, cewa ƙwayoyin gadon da ke raba saman ganye da ƙasansa su ne dai ke gina jakar. Ɗan canjin wurin da suke aiki ya isa ya mai da shimfiɗaɗɗen ganye ya zama ƙoƙo.

Abin da zai ba manomin Abaji mamaki shi ne su wane ne 'yan'uwan wannan gida. Babban dangin da suke ciki, wanda ake kira Lamiales, shi ne dangin riɗi da karkashi, da ɗaɗɗoya, da ɗinya, da zaitun. Yauƙin nan da ke sa miyar karkashi santsi daga waɗansu ƙananan gasu na jikin ganyen yake fitowa, kuma irin waɗannan gasu masu zubo ruwa sun yi yawa a dangin. A cikinsa ne kuma aka sami wuta-wuta, ko ƙuduji, mai tsotse saiwar dawa da gero. Dangi ɗaya ke nan ya fitar da mai ba da mai, da mai ba da miya, da ɓarawo, da maharbi.

Ƙididdigar masana ta nuna gidan bai wuce shekara miliyan 30 zuwa 50 da kafuwa ba. Wannan ya ta da wata tambaya, domin Afirka da Amurka ta Kudu sun rabu tun wajen shekara miliyan 100 da suka wuce, ga shi kuwa Genlisea tana gaɓa biyu na Tekun Atalantika. Amsar da aka fi yarda da ita ita ce irin ya haye tekun ne daga baya. Irin waɗannan tsirrai ƙanana ne kamar ƙura, iska tana ɗaukarsu, tsuntsayen ruwa kuma suna ɗauke da su cikin lakar ƙafafunsu. Wanda ya ga yawan agwagin Turai da ke sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru kowane hunturu ba zai yi mamakin samun iri ɗaya na 'yar-salka a Afirka da Indiya da Ostireliya ba.

A 2013 aka karanta dukan littafin gado na Utricularia gibba, ƙarƙashin jagorancin Luis Herrera-Estrella na Meziko da Victor Albert na Amurka. Suka sami harafi wajen miliyan 82 kacal, ko da yake awon da aka sake a 2017 ya kai shi wajen miliyan 100. Na ɗan Adam ya haura miliyan 3,000. Duk da haka a ɗan wannan littafi akwai umarni wajen 28,500, alhali na mutum wajen 20,000 ne. Ta zubar da kusan duk shafukan da ba su ɗauke da umarni. 'Yar'uwarta Genlisea tuberosa ta ma fi ta ƙanƙanta, da miliyan 61, tana cikin mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa a tsirrai masu fure.

Kada a ɗauka duk tsiro mai cin ƙwari ɗan gidan nan ne. Sana'ar ta ɓullo sau goma ko fiye a gidaje daban-daban da ba su haɗa kaka ta kusa ba. A jiƙaƙƙen rairayin Nijeriya akwai Drosera indica, mai dogon ganye da gasu masu ɗigon danƙo da ke ƙyalli kamar raɓa. Ita dangin alayyahu ce ta nesa. A kurmin Saliyo da Laberiya da Gini da Kwaddibuwa akwai wata doguwar kurangar daji, Triphyophyllum peltatum, wadda ba ta fitar da ganyen farauta sai wani ɗan lokaci tana ƙarama. A 2023 masana a Jamus suka gano ƙarancin fosfaras ne ke sa ta yin haka.

Batun sauro

Tsutsar sauro tana cikin abin da manyan tarkunan 'yar-salka ke kamawa. In tsutsar ta fi ƙarfin jakar, sai ta cafke ta ta wutsiya ko ta kai, ta riƙa zuƙe ta kaɗan-kaɗan. A 2020 masu bincike na Jami'ar Rhode Island a Amurka suka sa wani iri nata cikin ruwa tare da tsutsar sauron da ke kawo shawara da zazzaɓin dengi, cikin 'yan kwanaki ta cinye kusan dukansu.

Ga ƙasar da, bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya duka, wannan labari ne mai daɗin ji. Amma kada a yi saurin yin guɗa. Sauron da ya fi kawo zazzaɓi a ƙasar nan ya fi son yin ƙwai a 'yan ruwan da ba su daɗewa, kamar sawun kofaton shanu, da ramin da aka haƙi ƙasar gini, da sawun taya a hanya. 'Yar-salka ba ta zama a irin waɗannan wurare. Taimakonta a tafkuna ne da gonakin shinkafa masu riƙe ruwa wata da watanni, inda take aiki tare da ƙananan kifaye da 'ya'yan mazari. Ba za ta maye gurbin gidan sauro ba. Masu kiwon kifi kuma ba su cika sonta a tafkin ƙyanƙyasa ba, don takan kama 'ya'yan kifi sababbin fitowa daga ƙwai, ta kuma cinye ƙananan halittun da su 'ya'yan kifin ke ci.

Fadama tana sauya kama

Tun da aka mai da gwamnati Abuja ran 12 ga Disamba 1991, bakin da ake ciyarwa a yankin sai ƙaruwa yake yi, fadamun Gurara kuwa suna cikin wuraren da ake nomo abincin. Shirin Fadama na Gwamnatin Tarayya da Bankin Duniya, wanda aka fara a farkon shekarun 1990, ya yaɗa injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse a ƙasar nan, noman rani ya bunƙasa. Babu mai hankalin da zai yi baƙin ciki da wannan. 'Yan Arewa da yawa da ke fatauci a Kudu kuɗinsu na cikin irin waɗannan gonaki, su ke aiko da na taki da na feshi da na man inji.

Sai dai takin da aka watsa a gona ba duka shuka ke ci ba. Ruwa yakan wanke saura ya kai tafki. Da tafki ya sami taki sai ya zama irin wurin nan da lissafin Givnish ya ce farauta ba ta biya: ruwa ya yi kore shar da gansakuka, kainuwa ta rufe fuskarsa, haske ya daina shiga, 'yar-salka ta ɓace. Maganin kashe ciyawa da ake fesawa a gonar shinkafa kafin shuka, da wanke tankin feshi a bakin rafi, suna gamawa da abin da ya rage. Maganin ƙwari kuma yana kashe ƙananan halittun da take ci, waɗanda su ne kuma abincin farko na 'ya'yan karfasa da tarwaɗa. Saboda haka ɓacewarta daga tafki alama ce da ya kamata masunci ya kula da ita tun kafin komarsa ta fara fitowa wayam. Ga kuma masu ɗibar yashi na gine-ginen birni, ga madatsar ruwa da aka gina a saman Gurara cikin Jihar Kaduna don kai ruwa Abuja. Duk kogin da aka datse, yadda yake cika da yadda yake janyewa sai ya canza.

Mutanen Haɗejiya da Nguru sun riga sun ga irin wannan. Bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, ambaliyar shekara-shekara ta rikice, kacala ta mamaye hanyoyin ruwa, gonaki da wuraren su da yawa suka salwanta. Mazauna Ikko kuma sun tuna yadda wata baƙuwar ciyawar ruwa mai shuɗin fure ta shigo ta Badagiri a 1984 ta toshe hanyar jiragen ruwa. Wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna cewa cikin iri wajen 860 na tsirrai masu cin ƙwari a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suna cikin haɗarin ƙarewa, kuma noma da canza hanyar ruwa suna kan gaba cikin dalilan.

Abin da za a iya yi ba mai tsada ba ne. Manomi ya bar 'yar tazara ta ciyawa tsakanin gonarsa da bakin tafki, ba taki ba feshi, domin ta tace ruwan da ke gangarowa. A wanke tankin feshi nesa da rafi. A sa taki daidai awo, a binne shi, wanda ma ya fi wa aljihu. Wannan magana ce da malaman gona da masu unguwanni za su iya isarwa, wanda ke aiko da kuɗin taki daga Sabo ko Agege ma yana da bakin faɗa.

Akwai kuma aikin masu ilmi. Yawancin abin da aka rubuta game da tsirran ƙasar nan ya tsaya ne a kan aikin Dokta J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewa, wanda ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, sa'an nan shi da John Hutchinson suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936. An sake gyara littafin daga 1954 zuwa 1972, tun ba a yi Yankin Babban Birnin Tarayya ba. Busassun samfurori suna ajiye a ma'ajiyar Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Jeriko a Badun, ba nisa da Sabo. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, tana nan kan hanya ɗaya da Abaji, tana kuma da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a kai kowace shekara. Kayan aikin su ne bokiti, da farin faranti, da gilashin ƙara girma, da tsohuwar jarida ta matse samfur. Lokacin zuwa kuwa daga watan Oktoba ne zuwa Disamba, sa'ad da Gurara ya janye, furen ya fito bisa ruwa.